Daga Ramin Duba Mota Zuwa Rasit

Lokacin da na fara aikin duba lafiyar motoci, a farkon shekarun 1980, kayan aikinmu ba su wuce rami da tocila da guduma da kunne ba. Direba zai hau da motarsa kan ramin, in shiga ƙarƙashi, in ce ya murza sitiyari dama da hagu. Daga ƙarar da ta fito nake gane ko ƙafar motar ta saki. Sai mu fita fili gwajin birki: ya taho a guje, ya taka, mu bi sawun taya a ƙasa. In sawun gefe ɗaya ya fi na ɗayan, birkin yana fizgar mota gefe ke nan, kuma ba ta samun takarda ranar.

Ikon da muke aiki da shi ya samo asali daga dokar zirga-zirgar motoci ta 1947, ta zamanin Turawa, wadda jihohi suka gada kowace ta yi tata. Ɗan sandan sashen motoci shi ke tsayar da mota a hanya. Mu ma'aikatan VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, da yawancinmu bakanikai ne a ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka, mu ke cewa tana da lafiya ko ba ta da ita. In an yi haɗari, mu ake kira mu rubuta wa kotu ko birki ne ya tsinke, ko taya ce ta fashe, ko kuwa motar lafiyarta lau, ganganci ne na direba.

Babban makaminmu wata takarda ce da ake mannawa a gilashi, mai hana mota hawa titi sai an gyara ta. Direban gingimari zai ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, lodi na ɗauko." Sai in ce, "Malam, je gareji a sauya maka wannan suɗaɗɗiyar tayar, ka dawo, ni zan cire takardar da hannuna." Ya tafi yana fushi, ya dawo da sabuwar taya. Ban taɓa jin daɗin wani abu a aikin nan kamar cire wannan takarda ba, domin ita ce shaidar cewa motar da ta zo da ciwo ta koma da lafiya.

Motoci suka yi mana yawa. Tun kafin in fara aikin, kuɗin fetur ya shigo, kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, hanyoyi suka cika, haɗurra suka ƙaru. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. An haɗe ta da 'yan sanda a 1999, aka sake raba su a 2003. Amma abin da ya fi taɓa ramin namu shi ne faɗuwar Naira bayan 1986. Sabuwar mota ta gagari mai albashi, aka koma ga tsofaffin motoci 'yan Kwatano da tayoyin da aka gama ci a Turai. Da mun bi ƙa'ida sau da ƙafa, da tashoshi da dama sun tsaya cak.

Nan muka yi kuskure, kuma ba na ɓoye shi. Jihohi suka fara kallon aikin a matsayin hanyar kuɗin shiga, wasunmu kuma suka bar rami suka koma bakin titi. Takardar lafiyar mota ta zama abin da ake biya tare da sabunta lasisi, ba wanda ya leƙa ƙarƙashin motar. Direba ya biya tara, ya karɓi rasit, ya wuce da birkinsa matacce da fasinjoji cike.

Jama'a suka gaji. A 2017 Legas ta janye VIO daga tituna, ta koma duba motoci da na'ura mai kwamfuta. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa VIO na birnin ba su da ikon tsayar da mota, ko kama ta, ko cin tarar mai ita.

Roƙona ga gwamnoni da majalisun jihohi shi ne su rubuta wannan iko a fili cikin doka: wa ke tsayarwa, wa ke dubawa, kwana nawa za a ba mai mota ya gyara. A ɗauki bakanikai na gaske, a cire musu nauyin tara kuɗi, a hana sa hannu kan takardar lafiyar motar da ba a taka birkinta an gani ba.