Yadda Man Ko-ta-kwana Ya Zama Doka Ga Matuƙa Jirgin Sama

A sansanin sojin sama da ke Garwa, a arewacin Kamaru, ana koyar da tuƙi da ƙananan jirage samfurin Tétras. A nan, kamar a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964, ɗalibi ba ya samun lasisi sai ya iya lissafin mai. Darasi ne da aka saya da tsada.

A 1944 ƙasashe 52 suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Shikago, wadda ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, a 1947. Shekara guda bayan nan aka fitar da ƙa'idojin bai-ɗaya na ba matuƙa lasisi. Kamaru tana cikin ASECNA, mai kula da sararin samaniyar ƙasashen Afirka da dama tun 1959, ta kuma kafa tata hukumar, CCAA, da dokar 1998.

Haɗurra ne suka ƙara wa ƙa'idar lissafin mai ƙarfi. A Disamban 1978 jirgin kamfanin United ya yi ta shawagi a Portland ta Amurka, matuƙa sun shagala da matsalar tayoyi, har mai ya ƙare, mutum 10 suka rasu. Daga nan aka fara koya wa ma'aikatan jirgi yin magana da tuntuɓar juna. A Satumban 1994 jirgin kamfanin Oriental da ya ɗauko 'yan ƙwallon ƙungiyar Iwuanyanwu daga Tunis ya kasa ganin fili a Tamanrasset, ya yi ta kewaye har tanki ya bushe. Mutum 5 suka mutu. A 2016 Amurka ta sa auna haɗari cikin kowane sashe na jarrabawar matuƙi mai zaman kansa.

Yau doka ta ce mai tuƙi da ganin ido ya isa inda za shi da ragowar man minti 30 da rana, 45 da dare. A Garwa wannan ba ya wadatarwa kullum. Hazon hunturu kan rufe kwarin Binuwai, dole a karkata zuwa Marwa ko Ngaundere. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura maki 40, yana rage ƙarfin inji, sai a zaɓa tsakanin kaya da mai. Matuƙin ƙwarai kaya yake saukewa.