'Yar Soja a Birniwa Lokacin Yaƙin Bama

Idan ana tarihin Yaƙin Duniya na Biyu (1939–1945), mazan da suka tafi kawai ake ambata. Ni kuwa a nan 'ya'yansu mata zan duba.

A zamanin Sarkin Haɗejiya Usman (1925–1950) aka ɗibi mutanen masarautar aikin soja. Birniwa na kan hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, wadda aka kammala a 1930, saboda haka tafiya ba ta yi wuya ba. Runduna ta 81 ta tashi zuwa Indiya a 1943, ta 82 ta bi baya a 1944. Akasarinsu ba su dawo ba sai 1946.

Shekara uku ba wasa ba ce ga yarinya 'yar sha uku. Uwa na cikin gida, ita ce ƙafarta: ɗiban ruwa, surfe, tallan ƙuli-ƙuli a tasha, ga ɓarar gyaɗa da Turawa suka matsa a noma. Gishiri, kananzir da atamfa duk sun yi tsada, wanda ya sa tara kayan ɗaki ya koma kan ribar talla. Duk da haka dandali bai mutu ba. Ana gaɗa a farin wata, samari na zuwa zance.

Abin da ya fi nauyi, a ganina, shi ne aure. Ba a jiran wanda ke bayan teku. Baffa ne ke zama waliyyi, ya karɓi sadaki, wani lokaci ya zaɓi mijin da uban ba zai zaɓa ba. Soja kan sauka a tasha ya tarar da jika a bayan 'yarsa.