Bos, Tuba da Ɗakin Likita: Tsohuwar Gardamar 'Yan Kallo Daga Fagge Zuwa New Jersey



Makalar wannan makon ta samo asali ne daga labarin da wata ƙanwarmu ta turo mini in duba mata. Tauraron labarin ɗan daba ne. Ya shafe babi goma sha tara yana sara da ƙwace, a babi na ashirin ya ji wa'azi ta lasifikar masallaci, ya fashe da kuka, ya tuba, aka ɗaura masa aure. Na ce mata, "Ƙanwata, ina saurin me?" Ta ce, "Yaya, in ban tubar da shi ba cewa za a yi ina koyar da daba." Tsoron nata gaskiya ne, kuma ya girme ta, ya girme ni. Bari mu bi sawunsa.

Gidan silima na farko a Kano, wato Rex, an buɗe shi a 1937, kuma a Sabon Gari aka gina shi, ba a cikin ganuwa ba. Wannan ba haka kawai ya faru ba. A idon mutumin cikin birni na wancan zamani Sabon Gari ita ce unguwar baƙi da giya da gidajen rawa, Fagge kuwa zangon fatake ne da ke tsakanin birni da Sabon Gari, inda ɗan gari ke iya yin abin da ba zai yi a ƙofar gidansu ba. A wannan yanki ne silimu suka yi ta tsirowa, irin su El Dorado a Sabon Gari da Plaza a Fagge. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya a watan Mayun 1951 ta ci mutum sama da 300, da yawa sun ɗauke ta hukuncin Allah a kan masu zuwa kallo. Da aka buɗe Palace a cikin birni kusa da Jakara a farkon shekarun 1950 kuwa, sai da aka yi rigima. Ke nan tun kafin a fara gardama kan abin da ke cikin fim, shi kansa zama a kujerar kallo abin tuhuma ne.

Sai 'yan kasuwar Labanan, waɗanda muke kira Kwara, suka fara kawo fina-finan Indiya, suka tarar Bahaushe ya fi son su a kan na kaboyi. A nan ne 'yan kallon Fagge suka yi wa duniyar fim rabon da har yau muke amfani da shi: akwai akto, akwai bos. Akto ba ya mutuwa, bos kuwa dole ya sha kashi kafin a kunna fitila.

Amma duk wanda ya zauna a kujerun masu arha ya san maganar ba ta tsaya nan ba. Ina yaro na ga yadda silima ke kaurewa da ihu idan Gabbar Singh ya fito a Sholay, fim ɗin 1975, alhali mutumin nan yanke hannuwan bawan Allah ya yi. Washegari yara na kwaikwayon tafiyarsa da dariyarsa a lungu. Ba wanda ke kwaikwayon ɗan sandan.

Indiyawa sun san wannan lagon, sai suka ƙirƙiro mugun da ake tausaya wa. A Mother India na 1957, wanda aka shekara da shekaru ana maimaita shi a Kano, Birju ya zama ɗan fashi ne saboda zaluncin mai ba da bashi da ruwa, kuma uwarsa ce ta harbe shi da hannunta. A Deewaar na 1975 Amitabh Bachchan ɗan fasa-ƙwauri ne da talauci ya kora, ƙaninsa ɗan sanda ya harbe shi, ya cika a cinyar mahaifiyarsa. Ku lura da cinikin da aka ƙulla da ɗan kallo: za ka so shi na awa uku, ka yi masa kuka, amma sai ya biya da ransa, kai kuma ka fita da zuciya wankakkiya. Sanjay Dutt, wanda ɗan Nargis da Sunil Dutt ne, wato uwar da Birjun na Mother India, Hausawa sun laƙaba masa suna "ɗan daba mai lasin". Ban taɓa jin sharhin fim da ya kai wannan laƙabin gajarta da cika ba. Lasin ɗin mu 'yan kallo muka ba shi.

Amurkawa ma sun yi irin wannan ciniki. Daga 1934 masana'antarsu ta tsaurara wata doka da ta hana a nuna laifi yana da riba, don haka kowane ɗan ta'addan fim sai ya ƙare a kan titi cikin jini ko a kurkuku. Adabinmu bai tsira ba. Littafin Bature Gagare na 1982, wanda ya ba mu Mailoma da ƙungiyarsa ta miyagu, tun daga sunansa ya yi wa mai karatu alƙawari: Ƙarshen Alewa Ƙasa.

Wanda ya karya wannan ciniki a talabijin shi ne David Chase, da shirinsa The Sopranos, wanda tashar HBO ta nuna daga Janairun 1999 zuwa Yunin 2007, kashi 86. A nan Kano bai yi tashen 24 ko Prison Break ba, amma marubuci ya kamata ya san shi. Tony Soprano, wanda James Gandolfini ya fito a matsayinsa, shugaban gungun 'yan mafiya ne a New Jersey, mai mata da 'ya'ya biyu. Wata rana numfashinsa ya sarƙe, ya yanke jiki ya faɗi. Da a nan ne, da an ce iska ce ko sammu, a nemo mai ruƙiyya. Shi sai aka tura shi wurin likitar ƙwaƙwalwa, Dakta Jennifer Melfi, inda magani shi ne a zauna a yi ta magana mako-mako. Shirin gaba ɗaya a kan wannan kujerar ya ginu.

A kashi na biyar Tony ya kai 'yarsa duba jami'o'i, ya hango wani tsohon abokin harka da ya tona musu asiri ga hukuma, ya bi shi ya shaƙe shi da waya, ya koma ya ɗauki 'yarsa. Shugabannin tashar sun ji tsoron 'yan kallo za su tsane shi daga ranar. Ba su tsane shi ba. Ƙaruwa ma suka yi.

Inda abin ya fi tona asirin ɗan kallo shi ne a zango na uku, a 2001. Wani ya yi wa Dakta Melfi fyaɗe, 'yan sanda suka kama shi, kuskuren aiki ya sa aka sake shi. Ta san inda yake aiki. Ta san kalma ɗaya za ta faɗa wa Tony a wayi gari babu mutumin. Tony ya ga tana kuka, ya tambaye ta ko akwai abin da take son gaya masa, ta ce babu. Jama'a da yawa sun ji haushinta. Mutanen kirki, masu zuwa coci, suna zaune a falo suna roƙon likita ta sa a yi kisa. Ni ma da na kalla, Allah ya gani, so na yi ta faɗa. Marubutan sun ɗana mana tarko ne don mu ga cewa ba tausayin Tony kawai muke yi ba, so muke a ce muna da irinsa a aljihu. Wanda ya san yadda 'yan siyasar Kano suka riƙa ajiye 'yan tauri da 'yan banga tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950, da yadda unguwa ke zagin ɗan dabarta da rana ta neme shi da dare idan 'yan wata unguwa sun shigo, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

To maganin fa, ya yi aiki? A nan masu kallo suka rabu. Wasu sun ce ai ga shi mutumin yana fahimtar kansa, ya gane irin ɓarnar da mahaifiyarsa Livia ta yi masa. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka har karrama Lorraine Bracco ta yi, wadda ta fito a Melfi. Wasu suka ce a duba da kyau. Likita ta ba shi shawarar ya riƙa barin tsofaffi su ji kamar su ke da iko, tana nufin mahaifiyarsa. Shi kuwa ya ɗauki shawarar ya ɗora baffansa Junior a kujerar shugabanci don hukuma ta bi ta kansa, shi yana juya komai ta bayan fage. A kusa da ƙarshe, a 2007, Melfi ta karanta binciken Yochelson da Samenow da ke cewa irin wannan zaman yana iya ƙara wa riƙaƙƙen mai laifi wayo ne kawai, ta sallame shi. Likitoci da dama sun yi ƙorafin an ci fuskar sana'arsu. Shirin kuma ya ƙare allo ya yi baƙi ƙirin ana tsakiyar cin abinci, babu harbi, babu kurkuku, babu tuba. Wasu sun ɗauka na'urarsu ce ta lalace.

Wurin da na fi so a duk shirin gajere ne. Matar Tony, Carmela, ta je wurin wani dattijon likita tana son a lallashe ta. Ya ce mata ta kwashi 'ya'yanta ta bar gidan, kuma ba zai karɓi kuɗinta ba don na jini ne. Ta koma gida ta kwanta a kujera, ta sa mijin ya ba jami'ar 'yarsu gudummawar dala 50,000. An gaya mata gaskiya, ta ji, ta zauna.

Mu dawo gida. Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a. A 2021 hukumar ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim, a 2024 ta sake hana fina-finan daba. Tsakanin nan shirye-shirye irin su A Duniya na Tijjani Asase sun yi tashe a YouTube, har sunan Abale ya bi Daddy Hikima. Masu yi suna cewa faɗakarwa suke, iyaye suna cewa yara sara da yaren suke ɗauka, ba darasin ƙarshe ba. Ni dai ba na raina maganar iyayen. Wanda aka soka wa ɗansa wuƙa a kan waya ba ya bukatar a yi masa lacca kan 'yancin fasaha, kuma na riga na gaya muku wanda muke kwaikwayo a lungu bayan Sholay.

Amma tuban minti biyar ba ya maganin wannan. Yaro ya kalli awa ashirin na isa da kwarjini, sannan a manna masa hawaye a ƙarshe, wanne zai riƙe? Abin da Chase ya yi ya fi wannan tsanani: ya bar mu muka so Tony, sannan ya yi ta nuna mana gawarwakin da son namu ya tsallake, har da ta ɗan uwansa Christopher da ya toshe wa hanci da hannunsa.

Kuma muna da namu ɗakunan likitan, ba sai mun aro kujerar Melfi ba. Akwai zauren malam, akwai ɗakin uwa, akwai asibitin Dawanau. Akwai cibiyar Dorayi da BBC ta nuna a rahotonta na kodin a 2018, matasa ɗaure da sarƙa. Akwai gidajen mari da aka yi ta fasawa a Kaduna da Katsina a 2019. A 2023 rundunar 'yan sandan Kano ƙarƙashin Kwamishina Usaini Gumel ta karɓi tuban ɗaruruwan 'yan daba, da aka ɗauki wasunsu aikin ɗan sandan sa-kai kuwa gari ya ɗauka: wasu na cewa mai tuba kamar marar zunubi ne, wasu na cewa an ba kura ajiyar nama. Gardamar Melfi ce sak, da Hausa. A addininmu ma tuba tana da sharuɗɗa, ciki har da mayar da haƙƙin mutane, kuma wannan sharaɗin ne ban cika gani a littattafanmu ba. Wayar da ya ƙwace tana ina? Matar wanda ya sara, wa ya je ya same ta? Malamin da yake kai wa sadaka duk Juma'a, ya san daga ina kuɗin suke?

Waɗannan tambayoyin na mayar wa ƙanwar tamu. Shekaranjiya ta turo sabon babi na ashirin. Yanzu ɗan daban ya ja rago ya kai wa malamin unguwarsu a yi masa addu'a, malam ya ce ya mayar da ragon, ya fara zuwa gidan yaron da ya nakasa. Ya tsaya a ƙofar gidan har aka kira magariba bai yi sallama ba. Daga nan ya ja ragonsa ya nufi wani malamin a wata unguwa, wanda ya karɓa. Ta ce babi na ashirin da ɗaya ya tsaya mata, ta kwana uku ba ta rubuta ko layi ba.