Madannan Kwamfuta da Haruffa Masu Ƙugiya a Ƙasar Adar

Kwamfutocin da ke isa ƙasar Adar ta hanya biyu suke zuwa, kuma madannansu kaɗai sun isa su nuna ta inda kowace ta biyo. Wadda ta fito daga Yamai cikin kayan gwamnati ko na wata ƙungiyar raya karkara, layin haruffanta na sama da AZERTY yake farawa, tsarin Faransa. Wadda kuwa ɗan cirani ya saya ta hannu a Kano ko Sakkwato, ya ƙetaro da ita ta Illela da Ƙonni zuwa Madawa, har Buza ko Deule, da QWERTY take farawa. Sau da yawa mai gyara kan ɗora wa ta biyun Windows na Faransanci, domin shi ne yaren ofis da na makaranta a Nijar. Sai mai ita ya danna Q, A ta fito masa a allo.

Madannin lafiyarsa ƙalau. Ba harafi yake aikawa ba tun asali, lamba yake aikawa. Maɓallin farko na layin sama, ko Q aka zana a kansa ko A, lamba 16 ce a lissafin babbar manhajar Linux. Wanda ke karɓar wannan lamba shi ne kanel, cibiyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Aikinsa irin na dillalin kasuwar dabbobi ne: mai saye ba ya magana da mai sayarwa kai tsaye, sai ta bakinsa. Manhajar rubutu ba ta san komai game da waya ko guntun lantarki ba. Kanel take tambaya, shi kuma ya nemi ƙaramar manhajar da ta san harshen wannan na'ura, wato direba. Firinta tana da nata direban, haka kyamara, haka katin sauti. Na'urar da ba ta da direba, ko sabuwa ce fil a leda, kwamfuta ba ta iya aiki da ita.

Tarihin wannan aiki a Linux da madannai ya soma. A farkon 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, mai shekara 21, ya sayi kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel 386, da megabait 4 na ma'ajiyar aiki da faifan ajiya mai megabait 40. Ranar 25 ga Agusta ya sanar cewa yana rubuta babbar manhaja ta kyauta don sha'awa kawai, har ya ce da wuya ta taɓa yin aiki da wani faifan ajiya in ba irin wanda yake da shi ba. Fitowar farko, 0.01, ta zo a watan Satumba, layukanta dubu goma da ɗoriya. Madannai iri ɗaya tak ta sani, na Finlan, don su ne a gaban mai rubuta ta.

Zuwa Disamba, a fitowa ta 0.11, zaɓin ya kai huɗu: na Finlan, na Amurka, na Jamus da na Faransa. Amma ba a allo ake zaɓa ba. Mutum zai buɗe wani fayil mai suna config.h, ya nemo layin da ya dace da madannansa, ya gyara da hannu, sannan ya sake harhaɗa kanel ɗin gaba ɗaya kafin A ta koma A. Yadda ake yi wa kowace na'ura ke nan a wancan zamani. Katin sauti ko na sadarwa yana zuwa da ƴan ƙananan filogi da ake cirewa da farce a sauya musu wuri, don a ba katin adireshi da layin da zai riƙa kiran ƙwaƙwalwa ta kansa. Katin Sound Blaster 16 yakan zo a adireshi 220 da layi na 5. In wani kati ya riga ya kama layin nan, ɗayansu zai yi shiru ko kwamfutar ta daskare. Bayan an gama da ƙarfe sai a rubuta make config, tambayoyi su yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace a amsa da e ko a'a. Wanda ya yi kuskure a ta arba'in ba shi da hanyar komawa baya, sai ya sake daga farko. Harhaɗawar kanta kan ci sa'o'i a kan 386.

Sauƙi ya zo a hankali. Aka raba teburin haruffa da kanel, ya zama fayil da ake lodawa a kowane lokaci. Fitowa ta 1.2 a 1995 ta zo da direbobin da ake ɗaukowa sai buƙatarsu ta taso, fitowa ta 2.4 a Janairun 2001 kuma ta daidaita aikin USB. A farkon 2025 layukan kanel sun haura miliyan 40, fiye da rabinsu direbobi ne.

Nijar ba ta makara sosai a wannan tafiya ba, sai dai tafiyar ta daɗe ba ta bar babban birni ba. Tun farkon shekarun 1990 cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM ta haɗa ofishinta na Yamai da hanyar wasiƙun lantarki mai suna RIO, inda kwamfutoci masu Unix ke kiran juna ta layin tarho suna miƙa saƙonni har Montpellier. Cikakkiyar intanet ta zo ta hannun kamfanin sadarwa na SONITEL a rabi na biyu na shekarun. Karkara kuwa sai da ta jira abubuwa biyu: wayar salula, wadda Celtel ta shigo da tata a 2001 da Orange a 2008, da kuma zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wanda ya ba garuruwa irin su Deule a gundumar Buza majalisa da magajin gari, tare da aikin takardun haihuwa da na haraji da ke biye da su.

A daidai wannan lokaci kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yana aika faifan Ubuntu, wani nau'in Linux, kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, har zuwa 2011. Ɗalibai da yawa a Afirka ta Yamma ta nan suka fara ganin Linux, kuma ta nan suka ci karo da na'urorin da suka ƙi ba da haɗin kai. Modem mai arha na layin tarho an rage masa kayan ciki, an bar wa direban Windows sauran aikin, saboda haka a Linux bai amfana komai. Ɗan makullin intanet na Huawei da kamfanonin waya ke sayarwa yana da tasa dabarar: da an soka shi sai ya nuna kansa a matsayin faifan CD mai ɗauke da direban Windows, sai an aika masa wani umarni na musamman kafin ya yarda shi modem ne. Don wannan kaɗai aka rubuta manhajar usb_modeswitch. Firintar Canon LBP 2900, wadda ta cika shagunan buga takardu saboda ƙarkonta da arhar tawadarta, da wani harshe na kamfanin mai suna CAPT take aiki, kuma sa ta aiki a Linux ya sha cinye wa masu gyara yini guda. Ba laifin mai shago ba ne in ya koma Windows. Shi takarda yake son ta fito kafin mai ita ya gaji da jira.

Duk waɗannan ƙalubalen an shawo kansu ko zamani ya wuce da su. Wanda ya fi daɗewa, kuma ya fi shafar Bahaushe, shi ne na haruffa huɗu: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930 a maɗaba'ar Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939. A Nijar tsarin rubutun ya bi ta taron UNESCO na Bamako a 1966, da taron daidaita rubutun Hausa na Yamai a 1980, har zuwa dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 wadda ta tabbatar da ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa an buɗe ta a Damagaram a 1973, ma'aikatar yaƙi da jahilci kuma ta riƙa fitar da ƙananan jaridun karkara, cikinsu har da Sabon Ra'ayi na Madawa. Tafiretar da aka ƙera don Faransanci ba ta da ƙugiya, don haka akawu kan buga k, ya zare takarda, ya ƙara lanƙwasar da biro.

Abin takaici shi ne kwamfuta ta tanadi wa haruffan nan gurbi tun da wuri. Tsarin Unicode na farko ya fito a Oktoban 1991, wata ɗaya bayan Linux 0.01, kuma duka huɗun suna ciki, manya da ƙanana, kowanne da lambarsa. Abin da babu shi ne maɓallin da zai kira su da salon rubutun da zai nuna su. Sai masu buga littattafai suka nemi mafita ta kansu: su ɗauki salon rubutu, su goge wani harafin da Hausa ba ta amfani da shi, su zana ƙ a madadinsa. A kwamfutar da aka yi aikin komai daidai yake. Da an kai fayil ɗin wata kwamfutar sai ƙugiyoyin su rikiɗe su zama wasu alamomi dabam. Shirin DiLAF, wanda masana daga Nijar da Mali da Faransa suka gudanar, ya ɗauki ƙamusoshin Hausa, Barbarci, Zabarmanci da Buzanci da aka rubuta a Word, tare da na Bambara, ya mayar da su tsarin da kowace kwamfuta za ta iya karantawa, kuma gyaran irin waɗannan haruffa na cikin aikin da sai da aka fara yi.

Yau Windows yana da teburin madannai na Hausa, Linux yana da biyu, na Najeriya da na Gana. Dukkansu a kan QWERTY aka gina su. Sakataren da hannunsa ya saba da AZERTY, in ya zaɓi ɗaya daga ciki zai samu ƙugiya amma A da Q, Z da W, da M duk su sauya masa wuri. Wannan giɓi ba ya buƙatar injiniya daga Turai. Teburin madannai a Linux fayil ne na rubutu mai ƴan layuka, kuma ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Tawa ko ta Maraɗi zai iya rubuta shi ya miƙa wa masu kula da tarin teburan madannai na Linux. Ya cancanci wata hukuma ta ilimi ta ɗauki nauyinsa.

Kanel ɗin Linux dai ya isa ƙauyukan Adar, amma cikin aljihu ya shiga. Android, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008, a kansa aka gina ta, don haka kowace babbar wayar Tecno, Infinix ko Itel ta kamfanin Transsion tana ɗauke da jikan manhajar Helsinki. A waya matsalar ƙugiya ta kau, tunda madannan zane ne a gilashi: a zaɓi Hausa a Gboard, a danne k na ɗan lokaci, ƙ ta bayyana.

Sai dai zaɓin direbobi ya bar hannun mai kaya kwata-kwata. A masana'anta ake saita kanel na kowace waya daidai da guntun MediaTek ko Unisoc da ke cikinta, da irin gilashinta da kyamararta. Lasisin GPL, wanda Torvalds ya koma kansa a 1992, ya wajabta wa kamfani ya ba da rubutun kanel ɗin da ya sayar, amma ba kowanne ke cika wannan da wuri ba. Abin da ya rage na tsohuwar sana'ar yana hannun masu filashin, wato masu sake ɗora wa waya manhaja, daga kasuwar Farm Centre ta Kano zuwa rumfunan gyaran waya na Madawa. Wayoyi biyu masu suna ɗaya kan fito da gilashi daga masana'antu dabam-dabam, kuma in aka ɗora wa ɗaya manhajar ɗayar, za ta kunnu amma allon ya yi fari fat, ko taɓawa ta daina aiki. Shi ya sa ƙwararren mai gyara ba ya dogara da sunan da ke bayan waya. Yakan duba cikakkiyar lambar manhajar da ke kanta, ko ya buɗe ta ya karanta abin da aka buga a jikin allon lantarkin, sannan ya kwafe tsohuwar manhajar ya ajiye kafin ya taɓa komai.