Ƙara wa injin mota ƙarfi lokacin sake ɗaura shi: abin da ke aiki da kuɗi kaɗan

Sake ɗaura inji shi ne a sauke shi daga mota, a kwance shi gaba ɗaya, a auna kowane ƙarfe, a canja abin da ya cinye, sannan a mayar. Ana kai wa ga wannan aiki idan mota ta fara shan man inji, tana fitar da hayaƙi shuɗi, ko ta kasa hawan tudun da a da take hawa da kaya. Tunda injin yana buɗe kuma an riga an biya kuɗin aiki, masu motoci da yawa kan tambayi makanike ko akwai abin da za a ƙara don motar ta fi da gudu. Akwai, amma yawancin ƙarfin da ake samu da araha shi ne wanda injin ya zo da shi daga kamfani, ya zube a hanya tsawon shekaru.

Injinan da maganar ta fi shafa a Maraɗi, Damagaram, Tahoua da Yamai na Toyota ne: 4A-FE mai lita 1,6 na Corolla, 3L mai lita 2,8 da 5L mai lita 3 na Hiace da Hilux, sai 1HZ mai silinda shida da lita 4,2 na Land Cruiser, wanda ya fito a 1990.

Aikin farko yana wurin masu rektifikasiyo. Silindar da ta daɗe tana aiki cikin ƙura ba ta zama da'ira daidai, kuma sama takan fi ƙasa cinyewa. Sabbin segman a irin wannan silinda ba sa riƙe matsi, bayan ƴan watanni hayaƙin ya dawo. Maganin shi ne a faɗaɗa silindar a sa fistan mafi girma, yawanci da milimita 0,25 ko 0,50. Wasu na ɗauka wannan yana ƙara girman inji sosai. Lissafi bai nuna haka ba: faɗin silindar 4A-FE milimita 81 ne, idan an ƙara 0,50 injin zai tashi daga cc 1587 zuwa kimanin 1607, wato kashi ɗaya cikin ɗari da ɗan ɗoriya. Ƙarfin da direba zai ji daga dawowar matsi ne. Haka ma bilebrekan: idan ya yi zane ana goge shi a sa kusine masu kauri daidai da abin da aka cire, kuma a auna tazarar mai kafin a rufe.

Kulas ne wurin da kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Supap ɗin da ba ya zama daram a mazauninsa yana zubar da matsi a kowane juyi. Goge supap da mazauninsu da man goge, wanda makanikai ke kira rodaji, aikin yini ɗaya ne na yaron garaji, kuma ana gwada shi cikin sauƙi: a juya kulas, a zuba esansi a kan supap ɗin da ke rufe, a duba ko yana tsiyaya. A lokacin ne kuma ake kankare baƙin toka daga hanyoyin iska, a daidaita bakinsu da na juwan, ba tare da an faɗaɗa su ba. Wanda ya huda su da yawa yakan rasa ƙarfin tashi da kaya, alhali shi ne abin da mai Hiace ke nema.

Sassaƙe fuskar kulas kuwa yana buƙatar hattara. A injin esansi yana ɗan ƙara matsi, sai dai matsin da ya yi yawa yana sa injin ƙwanƙwasa, musamman da man kwalba na bakin hanya wanda ba a san haɗinsa ba. A injin gazuwal irin su 3L da 5L, kaurin juwan kulas ana zaɓensa ne gwargwadon yadda fistan ke leƙowa saman bulok, shi ya sa kamfanin ke yin sa da kauri daban-daban. Sa na kowane kauri da aka samu a kasuwa kuskure ne da ake yawan yi. Ɗaurin kulas ma da tsarinsa da ma'auninsa, ana yin sa da makullin da ke auna ƙarfin ɗauri, ba da ƙiyasin hannu ba.

A injin gazuwal, anjekta da pampo suna da rabo babba. Anjektar da ta gaji tana ɗiga mai maimakon ta fesa shi kamar hazo, sai a samu baƙin hayaƙi da zafi da ɓarnar mai. Kai su wurin mai na'urar gwaji a canja bakinsu a daidaita matsinsu ya fi kowane ƙari riba. Akwai masu buɗe sukurin pampo don mai ya ƙaru. Motar takan ɗan yi kuzari, amma mai da yawa ba tare da ƙarin iska ba zafi yake zama a kan fistan.

Wannan ne ma matsalar ɗora turbo a kan 1HZ. Injin yana da matsi sama da 22 bisa 1 da ƙananan ɗakunan ƙuna a cikin kulas, ba a gina shi don iskar da ake turawa da ƙarfi ba. Da Toyota ta so injin turbo a wannan girma, sai ta yi 1HD-T da fistan da kulas nasa na daban. Ana iya ɗora turbo a 1HZ, amma da matsi kaɗan da agogon auna zafin hayaƙi, kuma a nan an bar maganar araha.

Sai batun kalorsta, wanda garaji da yawa ke cirewa su jefar da hujjar cewa ƙasar zafi ce. Aikinta shi ne riƙe ruwa har injin ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 82 a yawancin waɗannan injina. A injin da ke da hanyar ruwa ta gefe, cire ta na iya sa wani ɓangare na ruwan ya riƙa zagayawa bai bi ta radiyato ba. Abin da ke kare inji a watan Afrilu a kan hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi shi ne radiyato wankakke, murfinsa mai riƙe matsi, pampon ruwa mai kyau da fanka mai aiki. Filtar iska ma haka: waɗanda ake sayarwa a matsayin na tsere suna barin ƙura ta wuce, kuma ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cinye sabbin segman. Filtar takarda ta asali ta fi dacewa da wannan ƙasa.

Kuruwar distribisiyo ana canja ta tare da abin ɗaure ta duk lokacin da aka buɗe inji. A 3L da 5L wa'adinta kilomita 100.000 ne, kuma idan ta tsinke fistan na bugun supap. Game da kaya, ko daga Feray ta Yamai aka saya ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano, jabu da na gaske suna zuwa cikin kwali iri ɗaya, don haka segman, kusine da juwan kulas su ne ukun da ba a neman mafi araha a kansu.

Bayan an ɗaura, kilomita 1.000 na farko ana yin su ba lodi mai nauyi, ba a kai injin ƙarshen gudunsa, ana sauya gudu a kai a kai, sannan a yi bidanji a canja filtar mai don fitar da ɓurɓushin ƙarfe.