Yaushe Ɗalibi Yake Zama Ɗan Fiziks?

Mu masu binciken yadda ake koyar da fiziks a jami'a mun daɗe muna kallon amsar ɗalibi, ba mu kalli shi ɗalibin ba. Lillian McDermott ta Jami'ar Washington ta yi shekaru tana zaunar da ɗalibai tana tono abin da suka fahimta game da motsi. A 1992 David Hestenes da abokan aikinsa biyu suka fito da wani gwaji wanda babu lissafi a cikinsa, sai tunani. Gwajin ya tona asiri. Yaron da ya ci jarrabawa da maki mai kyau, ka tambaye shi in tirela ta yi karo da ƙaramar mota wacce ta fi tura 'yar'uwarta, sai ya ce tirela, alhali ya haddace dokar Newton ta uku. Irin wannan gwaji ne ya sa Eric Mazur na Harvard ya rage lacca, ya bar ɗalibai suna gardama da junansu a aji.

Koyarwa ta gyaru, amma ɗalibai ba su daina guduwa ba. A 1997 Elaine Seymour da Nancy Hewitt suka nuna cewa masu barin kimiyya a jami'o'in Amurka ba su gaza waɗanda suka tsaya ƙwaƙwalwa ba.

Amsar dalilin guduwarsu kuwa daga wajen fanninmu ta zo, kuma a ganina mun yi jinkirin saurarenta don ba ta zo da lissafi ba. Tun 1988 Sharon Traweek, wadda fanninta nazarin al'adu ne, bayan ta zauna cikin masana fiziks a Kalifoniya da Japan, ta rubuta yadda ake renon sabon shiga har ya ɗauki halin manya. A 1991 Jean Lave da Etienne Wenger suka kawo misalin teloli a Laberiya: yaron shago da ɗinkin maɓalli yake farawa, yankan yadi shi ne na ƙarshe, amma tun ranar farko hannunsa na kan rigar mai kuɗi. Ɗalibinmu fa? Shekara uku yana maimaita gwajin lilo wanda kowa ya san amsarsa.

Daga nan Heidi Carlone da Angela Johnson a 2007, sai Zahra Hazari da abokan aikinta a 2010 bayan nazarin dubban ɗalibai, suka kafa abin da muke aiki da shi yau: sha'awa da iyawa ba su isa ba, sai malamai da abokai sun ɗauki mutum a matsayin ɗan fiziks kafin shi ya yarda.

A Nijeriya maganar ta fi tsini, domin da yawa daga ɗaliban fiziks likitanci ko injiniyanci suka nema. Ka tambayi ɗan aji ɗaya, zai ce maka, "Fiziks aka ba ni." Yawanci harshensa ba ya sauyawa sai lokacin furojet, ranar da malami ya danƙa masa na'urar auna ƙasa, ya kafa ƙarafa a fili, ya faɗa wa mai rijiyar burtsatse inda ruwa yake, aka kuma saurare shi. Sai dai a aji huɗu ne wannan ke faruwa. Masu neman canjin sashe tun ƙarshen aji ɗaya suka cika fom.