Kaburbura 121 a Tsibiran Fokland

A shekarar 1982 Ajantina da Birtaniya suka yi yaƙi a kan waɗansu tsibirai masu sanyi a kudancin tekun Atlantika. Turawan Ingila suna ce musu Fokland, mutanen Ajantina kuwa Malbinas. Yaƙin bai kai wata uku ba, amma Ajantina ta rasa mutum 649. Da yawansu samari ne da aka ɗauka aikin soja dole, waɗansu ma ba su da ɗan ƙarfen nan mai suna da soja yakan rataya a wuya.

Da ƙura ta lafa, gawawwaki suna nan warwatse a kan duwatsu. Gwamnatin soja ta Ajantina ba ta yarda a kai su gida ba, gama a ganinta tsibiran ƙasarta ce, ai suna gida ke nan. Sai aikin ya faɗa a kan wani hafsan Birtaniya, Kyaftin Geoffrey Cardozo. Shi da mutanensa suka bi filayen daga suna tattara su, suka binne su kusa da ƙauyen Darwin a watan Fabrairu 1983. Abin lura shi ne yadda ya yi aikin. Kowace gawa ya sa aka naɗe ta da kyau cikin jakunkuna, aka haɗa ta da 'yan kayan da aka samu a jikinta, ya kuma rubuta inda aka tsince ta da kabarin da aka sa ta. Mutanen da suka yaƙi ƙasarsa ne fa, ba kuwa wanda zai tuhume shi da ya yi aikin gaggawa. Waɗanda ya kasa gane su, aka rubuta a kan kaburburansu cewa sojan Ajantina ne wanda Allah kaɗai ya san shi.

Haka iyaye suka yi ta zuwa, ba su san wane gicciye za su durƙusa a gabansa ba. A 2008 wani tsohon sojan Ajantina, Julio Aro, ya sadu da Cardozo a Landan, Cardozo ya ba shi rahoton nan nasa. Duk da haka sai da aka ƙara shekara takwas kafin gwamnatocin biyu su yarda. Waɗansu iyalai ma da fari sun ƙi, suna tsoro kada a kwashe 'ya'yansu daga tsibiran.

A 2017 masanan Ƙungiyar Red Cross ta Duniya suka buɗe kaburbura 121, suka sami gawa 122. Suka ɗebi ɗan ƙashi ko haƙori, suka mai da kowa kabarinsa cikin sabon akwati. A birnin Kordoba na Ajantina aka gwada ƙwayoyin halitta na gado, wato DNA, da jinin iyaye da 'yan'uwa. A watan Disamba aka ba da sunaye 88, daga baya adadin ya wuce 110. A watan Maris 2018 jirage suka kawo iyalai makabartar, Cardozo yana cikinsu, yana raka tsofaffin uwaye zuwa kaburburan 'ya'yansu.